Lambar Zaren Iya

A shekarar da aka mayar da tuƙin mota hannun dama, mahaifina ya ɗauko mahaifiyarsa, Iya, daga ƙauye ya kawo ta gidan hayarmu a Unguwar Kanawa. Ba ta zo da komai ba sai tabarmar sallah, da mazarinta, da kwandon auduga. Sunanta aka sa mini, don haka takwara take ce mini. Baba kuwa ɗan farinta ne, ba ta kama sunansa. "Na ƙetaren kogi" take cewa, domin a wata masaƙa yake aiki can Kakuri, a ɗakin awon zare. Da asuba yake fita a keke, ya dawo a gajiye, gaisuwa kaɗai ke haɗa su.

Ba ta san kowa ba a garin nan, kuma ba mai sayen zaren hannu. Bayan magariba, in an sauke tuwo, sai ta matso bakin murhu tana kaɗi, ni kaɗai a gabanta.

Wata rana ta tambayi Baba yadda aikinsa yake. Ya ce zare yadi ɗari takwas da arba'in shi ne ƙulli ɗaya, sai a duba ƙulli nawa zai cika laba guda a sikeli. Wannan adadin shi ne lambar zaren. Ta miƙa masa curin zare, mafi sirin abin da ta kaɗa.

"Auno mini nawa."

"Iya, dariya fa za a yi mini. Amma kawo, zan kai."

Ya ɗora shi bisa kabad. Shekara huɗu yana nan.

A cikin shekarun nan tatsuniya ɗaya ta fi yi mini. "Ga wata nan, taki ce ke kaɗai," haka take farawa. Wata mata ce ɗanta ya haye kogi ya manta mashigi. Iyakar abin da ta mallaka dunƙulen auduga guda. Ta kaɗa mai kauri don ta jefa masa ya kama, zaren bai wuce ƙofar gida ba. Ta warware ta siranta, ya kai bakin ruwa. Ta ƙara sirantawa, ya kai tsakiya, kifaye suna wasa da bakinsa.

"To, ya kama?" nakan tambaya.

"Ke dai akwai gaggawa, takwara! Tana nan tana kaɗi. Tashi ki yi isha'i."

Da hannunta ya fara rawa, mazari ya gagare ta, sai ta sa na ɗauko tawada da alƙalamin makarantar allo. Na rubuta mata da ajami: "Ina binka awo." Muka ɗaure takardar a jikin zaren, na rataya a kan kekensa. Da asuba na ga Baba ya karanta, ya daɗe a tsaye.

Ya dawo tun kafin magariba, ya durƙusa gabanta.

"Iya, talatin da biyu."

"Naku na inji fa?"

"Wanda muke saƙa akoko da shi, ashirin ne."

Ta sunkuyar da kai. "Ashe nawa ya fi kauri. Tsufa ne." Ita a zatonta babbar lamba zare mai kauri take nufi.

"A'a, Iya! In lamba ta hau, zaren ya fi siri ke nan. Abokan aikina taruwa suka yi suna shafawa. Laba ɗaya ta naki, in aka warware, daga nan za ta kai masaƙa ta dawo."

"Ta haye kogin?"

"Ta haye, Iya."

Yau nawa 'ya'yan sun watse a garuruwa, ni kaɗai nake wuni a gida. Sai yanzu na gane cewa matar nan ta cikin tatsuniya ba ta da wata audugar da za ta ƙara. Abin hannunta take ta sirantawa da haƙuri ko zai kai. Iya ba ta sake yi mini tatsuniyar ba har Allah Ya karɓi ranta a daminar da ta biyo baya. Allah Ya jiƙanta. Amma ina tune da yadda ta gyara tabarma a yammacin nan, ta matsa masa wuri a bakin murhu.

"Ka biya," ta ce. "Zauna."