Gaba da Baya, Kamar Labu

Wata bakwai da ɗaura aurenmu kamfanin da maigidana ke yi wa zanen gine-gine ya ɗauke shi daga Sakkwato ya kai shi Fatakwal. Ni kuwa na taso ne cikin littattafan soyayyar nan da ake bayarwa haya a bakin kasuwa, waɗanda ake naɗe bangonsu da leda saboda yawan hannun da ke taɓa su. A cikinsu idan miji ya yi tafiya, shafi biyu za ki buɗe ki ji tsayuwar motarsa a ƙofar gida. Babu marubuciyar da ta taɓa gaya mini cewa tsakanin shafi biyun nan akwai dafa shinkafar mutum ɗaya, da wanke cokali ɗaya, da butarsa da ke wuni cike a gindin famfo don babu mai taɓa ta.

Abin da ya bar mini shi ne kwalaye a ɗakin baƙi. Tun kafin aurenmu yake da burin haɗa kwamfutar tebur da hannunsa, ba irin wadda ake saya a haɗe ba. Yana son wadda za ta ɗauki manyan zanensa ba tare da ta tsaya tana nishi ba, kuma ta yi masa wasan tseren motoci da yake so tun yana ɗalibi. Ɗaya bayan ɗaya yake sayen kayanta. Har bayan ya tafi ba su daina zuwa ba. Direba zai kira ni daga tasha, in je in karɓo kwali, in ɗora shi kan 'yan'uwansa. Wani lokaci nakan zauna ina karanta rubutun jikin kwalin kamar wasiƙa ce ya aiko mini, alhali ko rabinsa ba na ganewa.

Wata Lahadi cikin bazara ya kira ni bayan la'asar. Ya ce shugabansu ya yarda mutum biyu daga cikin masu zane su koma garuruwansu su riƙa aiki daga gida. Sharaɗin ɗaya ne: mutum ya kasance yana da kwamfuta mai ƙarfi a gida, kuma a nuna wa shugaban ita tana aiki, ko ta waya ce, kafin ƙarfe biyu na ranar Juma'a, lokacin da za a rufe sunaye. Kayan sun cika a ɗakin baƙi, amma shi ba za a ba shi hutu ya zo ya haɗa ba. Kuma ba ya son a kai wa masu gyara, don ya daɗe yana tara kayan nan, yana jin su kamar 'ya'yansa.

Na ce ni zan haɗa.

Ya yi dariya, ya ce wadda ko batirin agogo sai ta jira shi. Na maimaita masa. Da ya ji da gaske nake sai ya daina dariya, ya ce in nemo sukundireba a aljihun tebur.

Haka muka fara. Sau biyu a rana yake kira na, lokacin hutun azahar da kuma bayan ya tashi aiki. Nakan jingina wayar da filas ɗin shayi don ya riƙa ganin hannuna. Ya hana ni aiki a kan kafet, ya ce kullum in fara taɓa ƙarfen taga kafin in taɓa komai. 'Yan ƙananan sukurorin kuwa, na ciro faranti mai bakin zinari daga cikin kayan jerena, wanda ko baƙo ban taɓa zuba wa abinci a ciki ba, na zuba su. Da na zare babban allon da suke kira uwa daga ledarsa, sai na tsaya ina kallo. Gari ne sosai in ka hango shi daga sama, ga lunguna, ga gidaje, ga dogayen tituna. Na nuna masa wani ɗan lungu na ce nan ne Ƙofar Atiku, ga gidanmu, ga inda ya riƙa tsayawa da babur lokacin yana zuwa zance. Ya ce in cire yatsana daga Ƙofar Atiku kafin in ƙona unguwar.

A kwana biyun farko na ɗaure allon a cikin akwatinsa, na danna wasu dogayen sanduna biyu har suka yi ƙas. Rabon da mu daɗe muna magana haka tun muna saurayi da budurwa. Ina aiki ina lissafin ranar da zan sake auna shinkafar mutum biyu.

Ranar Laraba aka zo kan ƙwaƙwalwar kwamfutar. 'Yar ƙarama ce, murabba'i, ba ta kai tafin hannun jariri ba. Samanta santsi, ƙasanta kuwa cike da 'yan ƙusoshi sirara masu ruwan zinari, sun fi ƙayar ƙarangiya laushi, kuma kowanne da raminsa a jikin allon. Tare da ita akwai wani abu kamar sirinji, cike da mai mai kauri, launin toka. Ranar sadarwa ba ta da kyau, hoto ya ɗauke, muryarsa kawai ke zuwa a yanke. Na ji dai ya ce ƙwaƙwalwar tana ɗaukar zafi, fanka za ta hau kanta, man nan ne ke taimaka musu. Na ce ban gane yadda zan sa ba.

Ya ce, “Ɗiyar mai kilishi, wanga ai aikin gidanku na. Ki shafa shi kamar labu.”

Sai aka kira shi a ofis, ya kashe wayar.

Babana kilishi yake yi a Ƙofar Atiku, kamar yadda babansa ya yi. Tun ina ƙarama na san yadda ake feɗe nama ya yi siriri har ana ganin rana ta cikinsa, a shanya, sannan a kawo labu, wato kwaɓin tunkuza da kayan yaji da ake lulluɓe naman da shi. Dokar labu a gidanmu ɗaya ce: gaba da baya, kada a bar ko ɗigo a bushe. Baba yakan ɗaga fallen nama ya juya shi, in ya ga inda labu bai kai ba, sai ya mayar wa mai aikin. Maigidana kuwa ɗan malamin makaranta ne daga Wamakko. Kilishi a naɗe cikin takarda ya san shi. Abin da yake nufi shi ne in shafa kaɗan, siriri, a saman kawai.

Ni kuwa na yi masa aikin gidanmu. Na shafe saman tas, na juya ta, na shafe ƙasan, na sa tsinken sakace ina tura man tsakanin ƙusoshin don kada wani ya ce an bar shi. Ban taɓa yin wani aiki da ƙauna irin wannan ba. Na ɗaga ta a hasken taga, na juya ta yadda Baba ke yi, ban ga wuri busasshe ba. Na sa ta a mazauninta, na ji ta ɗan yi tauri, na danna, na ɗora fanka. Da ya kira da yamma na ce an gama, ya sa mini albarka.

Ranar Alhamis muka sa katin da ke fitar da hoto, muka bi wayoyi ɗaya bayan ɗaya, na rufe akwatin. Ana saura kaɗan a kira magariba ya ce in yi bisimilla in danna maɓallin kunnawa. Na danna. Fankoki suka juya, wata 'yar fitila ja ta kama a ciki, amma allon kallo ya tsaya baƙi ƙirin kamar bayan tukunya. Muka kashe, muka kunna. Ya sa na cire sandunan nan na mayar, ya sa na sauya waya, duk shiru. Sai ya fara bi na da tambaya daga farko, me na yi, me na yi bayansa, har muka iso kan man. Ya tambayi nawa ya rage a sirinjin, na ce ya ƙare.

Ya ce, “Ya ƙare? Ina kinka sa shi duka?”

Na ce, “Gaba da baya mana.”

Ta cikin wayar ina jin ruwan sama yana dukan kwanon ɗakinsa a can, mu kuwa nan ko hadari babu. Ya yi salati a hankali. Can ya yi wata 'yar dariya marar daɗi, ya ce laifinsa ne, shi da bai taɓa ganin inda ake sa labu ba ya ari bakin mahauta. Na so a ce faɗa ya yi mini.

Da safiyar Juma'a na sayo sifirit a kemis da sabon buroshin haƙori mai laushi, yadda ya ce. Na ciro ƙwaƙwalwar na fara wanke ta. Man yana fita, amma idona na kan agogo, ina ta gogawa da sauri. Da na ɗaga ta na duba, ƙusoshi uku sun kwanta.

Ban gaya masa ba. Na naɗe ta a hankici, na hau keke sai Ƙofar Atiku. Na tarar da Baba a rumfarsa yana feɗe nama. Na buɗe hankicin na ba shi labari tun daga farko, ina yi hawaye na zuba. Ya saurara har na kai aya, sannan ya kalli abin ya kalle ni.

Ya ce, “Labu ga ƙarhe, ɗiyata? To ai kin shafa shi da kyau.”

Ya wanke hannunsa da sabulu har sau uku, ya sa tabarau, ya ɗauko mafi ƙanƙantar wuƙaƙensa, wadda wasawa ta cinye ta ta koma kamar allura. Ya zauna a inuwa ya ɗora abin a gwiwarsa. Ban taɓa lura da hannun Baba ba sai ranar. Yatsu ne masu kauri, duk tabon yanka, amma bakin wuƙar ko motsi ba ya yi sai inda ya so. Ya ɗaga ƙusa ta farko kamar mai tayar da jariri daga barci. Ta biyu ta ɗauke shi lokaci mai tsawo. Yana shirin taɓa ta uku aka fara kiran sallar Juma'a, sai ya ajiye wuƙar.

Na roƙe shi, na ce saura ɗaya, na ce ƙarfe biyu za a rufe. Ya ce ya ji. Ya ce hannun da ke sauri ba ya feɗe nama, kuma in ya karya ƙusar nan ba Juma'ar yau kawai mijina zai rasa ba, har abin da ya tara zai rasa. Ya ɗauki dardumarsa ya tafi. Na zauna a rumfar, ƙamshin yaji na shiga mini ido, ina kallon inuwa tana matsawa.

Bayan an sauko ya miƙe ta uku. Amma ko da ya gama da wuri ba za ta yiwu ba, don ramukan jikin allon ma sun sha mai. Kwana biyu na yi ina ɗiga musu sifirit, ina jira su bushe, ina sakewa. Ranar Lahadi da hantsi na sa man da na sayo sabo, ɗigo ɗaya kamar ƙwayar wake, a sama kawai. Na danna. Allon kallo ya kawo haske, rubutu ya fito.

Na kira shi na juya masa wayar. Ya daɗe yana kallo, ya ce masha Allah, ya ce ko shi iyakar abin da zai yi ke nan. Sunaye kuwa an rufe tun Juma'a. Wani ya koma Jos, wata ta koma Ilori. An ce wataƙila a sake buɗewa nan gaba.

Bayan mako guda ya bi da ni muka sa wata manhaja da ke ba shi damar aiki da kwamfutar daga can, tunda kwamfutar da yake da ita a can ba ta iya ɗaukar manyan zane. Wasan tseren dai ba ya yiwuwa daga nesa, motar takan makara ta daki bango, don haka yana nan ajiye sai ya zo. Amma aiki yana tafiya. Kullum da hantsi, in rana ta cika batirin sola, nakan kunna ta in jawo kujera. Ba a jimawa sai 'yar kibiyar nan ta kan allo ta motsa da kanta, babu kowa a ɗakin sai ni. Hannunsa ne.

Nakan kawo tsintar shinkafata ko ɗinkin hula in zauna ina kallon gidajen mutane suna tashi layi bayan layi. Na san halin kibiyar yanzu. In yana tunani takan yi ta zagaye wuri ɗaya. In ransa a ɓace yake takan yi tsalle daga kusurwa zuwa kusurwa. In ta tsaya cik da azahar, na san ya tafi masallaci, sai ni ma in tashi in yi alwala. Wani lokaci nakan ɗan ture linzamin kwamfutar da yatsa, kibiyar ta kauce daga inda ya ajiye ta. Sai ta tsaya, ta yi 'yar girgiza hagu da dama sau biyu, ta koma bakin aikinta.

Shekara ta zagayo da 'yan watanni, ba a sake buɗe sunayen ba. Da farko in ya tashi aiki shi yake kashe ta daga can, allon ya yi duhu a gabana ba sallama. Na roƙe shi ya bar mini wannan. Yanzu ƙarfe biyar kibiyar takan gangara ƙasan allo ta kwanta, ni kuma in bar fankokin suna juyawa har a kira magariba, sannan in tashi in kashe.