Baba Yuguda da Yatsu Biyu na Ƙarfe

Kafin farin gajimaren da ke kwana a kan tudun Nkomkana ya gama tashi, Baba Yuguda ya riga ya ɗage buhun da ke rufe bakin rumfarsa ta gyaran babura. Rumfar tana can ƙasan layin maɗinka a nan unguwarmu ta Birik, kusa da kwalbatin da ke ruri idan an yi ruwa. Daga masallaci yake zuwa kai tsaye. Ba ya fara taɓa ƙarfe. Sai ya yayyafa ruwa a jar ƙasar, ya share, ya shimfiɗa wani tsohon zane ya jera sifanoninsa a kai daga ƙarami zuwa babba. Sannan ya zauna a kan kujerar da aka ciro daga wata matacciyar tasi, Iya Kaltuma mai ƙosai ta miƙo masa kunun gyaɗa, ya zuba wa titi ido.

Babura ne ke wucewa, amma shi bayan mutane yake kallo. Iya Kaltuma ta ce ta gaji da jin yana magana shi kaɗai: "Wancan wuyansa ne. Wancan kuma da ya wuce da buhun albasa, ƙugu ne zai kwantar da shi."

Sunana Najiba, a unguwa Maman Nuriyya ake ce min. Na ji labari cewa bayan Babbar Sallah Baba Yuguda zai naɗe zanen nan nasa ya huta, domin idanunsa sun fara yi masa gardama. Shi ya sa na zauna na rubuta wannan tun yana nan, tun ana iya karanta masa ya ji.

'Yata Nuriyya tana da sikila. Wadda ba ta taɓa riƙe yaro mai wannan ciwo ba, ba za ta gane abin da hanya take nufi a wurinmu ba. Idan ciwon ya tashi, tsakanin ƙofar gidanmu da gadon asibiti akwai cunkoson kasuwar Mokolo, inda tasi kan tsaya har direba ya kashe inji ya sayi gyaɗa. Babur ne kawai ke ratsa wurin. Mu kuwa muna da guda ɗaya. Yayan mijina, Gali, shi ya bar mana shi da zai koma Libreville. Irin baburan gudun nan ne da ba a sa musu rigar roba, inji da wayoyi duk a waje. Ran da surukata ta fara ganinsa ta ce, "Wannan kuma ba a gama ɗinka masa kaya ba aka sako shi?"

Gali dogo ne, hannunsa kamar na mai tsinkar mangwaro. Mijina Isma'ila gajere ne, kuma aikinsa ɗinkin wuyan riga, wuni yake a sunkuye kan allura. Kan babur ɗin da ake riƙewa, wanda muke kira gidon da Faransanci, yana can ƙasa, can gaba, an yi shi don mai son kwanciya a kan tanki ya tsaga iska. Idan Isma'ila ya hau, sai ya miƙe kamar mai leƙa rijiya, nauyinsa duka ya sauka a wuyan hannunsa. Na daɗe ina ganin yana yarfe hannun dama duk inda muka tsaya. Idan na tambaya sai ya ce, "Ba komai, jini ne."

Wata safiya ta damina muna dawowa daga ganin likita, Nuriyya a tsakaninmu da 'yar hular kwanonta, muna gangarowa, sai wata tasi ta tsaya cak a gabanmu. Na ga yatsun Isma'ila a kan birki, na ga ba su matse ba. Hannun ya mutu. Da birkin ƙafa da jan takalmi a kwalta muka tsaya, muka jingina da baron wata mai sayar da ayaba. Ba wanda ya ji ciwo. Matar ta zage mu da Faransanci, na ba ta haƙuri, na sauke 'yata na rungume ta, na ce wa babanta ba za ta sake hawa wannan abin ba.

Na faɗa ne kawai. Ni ma na san idan ba shi ba, ba mu da wata hanya.

Iya Kaltuma ce ta ce a kai wa Baba Yuguda babur ɗin. Isma'ila ya tafi shi kaɗai, bai jima ba ya dawo yana dariyar haushi. Wai tsohon ko taɓa babur ɗin bai yi ba. Cewa ya yi, "Je ka zo da waɗanda kake ɗauka. Ba na gyara wa mutum zama alhali rabin kayansa na gida."

Washegari muka je mu uku. Baba ya dubi babur, ya dubi Isma'ila daga sama zuwa ƙasa.

"Kai ne ƙanen Gali? Dogon nan?"

"Ni ne, Baba."

"To ka gaji babur, ba ka gaji hannu ba."

Iya Kaltuma ta yi dariya har ta kusa ƙona ƙosai. Baba ya kafe babur ɗin a tsaye, ya ce mu hau yadda muka saba. Sai ya juyo wurina. Ban yi tsammani ba, domin bakanike ba ya tambayar mace komai sai dai ya ce ta matsa.

"'Yata, ke ce a bayansa. Idan kuna tafiya, ina kike jin ya fara taurarewa?"

Na ce tsakanin kafaɗunsa, ɓangaren dama. Na ce idan muna gangara yarinyar takan zame gaba, domin babu bayan da za ta jingina da shi, uban ya kwanta ya bar mata fili. Ban san na san wannan ba sai da na ji bakina yana faɗa.

Ya gyaɗa kai. Ya ce wa Isma'ila, "Saki gidon. Zauna kamar kana jiran a kawo maka abinci. Rufe ido. Yanzu ɗaga hannuwanka, ka bar su su sauka inda suke so, kada ka nemi ƙarfen."

Isma'ila ya rufe ido. Nuriyya ta ga babanta ya rufe, ita ma ta rufe nata. Ba zan manta wannan ɗan lokacin ba. Yayyafi ya fara sauka a kan kwanon rumfar a hankali, hayaƙin masu tsire da suka fara hura wuta yana shigowa yana lanƙwasa a cikin haske, ƙarar kekunan ɗinki daga saman layi ta zama kamar kukan tsuntsaye daga nesa. Babur yana tsaye, amma sai na ji kamar muna tafiya a kan wata hanya mai laushi wadda ba ta da rami, ba ta da tasi, ba ta zuwa asibiti. Hannuwan mijina suka sauko a hankali suka tsaya a cikin iska. Suna rataye sama da gidon kaɗan, kuma sun ɗan dawo baya wajen ƙirjinsa.

Baba ya sa yatsunsa biyu a tsakanin tafin Isma'ila da ƙarfen. Suka cike wurin daidai.

"Nan hannunka yake zaune," in ji shi. "Kai kake ta bin babur. Yanzu shi zai zo ya same ka."

Ya fito da wasu ƙarafa guda biyu masu ruwan azurfa, kowanne kamar rabin sabulu, masu kwarmi a sama inda gidon zai kwanta. Su ake sawa a ƙarƙashinsa su ɗaga shi, su ɗan jawo shi baya. Isma'ila, da ya ga sauƙi ya zo, sai kwaɗayi ya kama shi.

"Baba, a ƙara tsawo mana. In zauna kamar mai gidan haya."

Baba ya kama tiyon birkin gaba ya ɗan ja shi, ya nuna masa iyakar sakinsa. "Wannan shi ne mai ba da izini, ba ni ba. Idan na wuce inda ya yarda, ranar da ka faɗa rami ƙafar gaba ta miƙe, shi zai tsinke. Ka tambayi Mohaman."

Mohaman ɗan benskin ne, mai haya da babur, mutumin Maroua, yana zaune a benci yana jiran a duba masa sarƙa. Ya ɗaga hannu. "Wallahi ni na zage shi. Na ce tsoho ba ya son zamani. Na tafi wani wuri aka jera min notuna a ƙarƙashin gidon har ya kai ƙirji. Na juya kwana a Ekoudou, babur ya ba kansa wuta, ni da fasinja da kaji muka shiga shagon mai aski." Ya shafa haɓarsa. "Da na dawo bai yi min gori ba. Kunu ya saya min."

Na zauna a gefe na kalli aikin. Ya rufe tanki da tsumma don kada ƙarfe ya karce shi. Ya sa alli ya yi wa gidon alama kafin ya kwance. Ya ɗaga shi a hankali kamar mai ɗaga kan jariri, ya zaunar da ƙarafan, ya kawo dogayen notuna sababbi, ya ce tsofaffin sun yi gajarta, ba za su ciji sosai ba. Bai ɗaure ɗaya ya gama ba, sai ya riƙa zagayawa, wannan kaɗan, na kishiyarsa kaɗan, yana shafa tsagar da ke tsakanin ƙarafan da ɗan yatsa don idon ba ya gani sosai. Sannan ya sassauta hannun birki da na kulochi ya karkatar da su ƙasa, har wuyan hannun Isma'ila ya miƙe sak ba lanƙwasa.

Na ɗauka an gama. Na miƙe ina gyara mayafi. Sai ya tayar da inji ya bar shi yana numfashi a hankali, ya juya gidon dama har ƙarshe. Shiru. Ya juya hagu har ƙarshe. Injin ya ɗan ɗaga murya. Kaɗan ne ƙwarai, ni da ban ga fuskarsa ba da ban lura ba.

Isma'ila ya ce, "Ai wannan ba komai, Baba. Sa va, ya yi haka."

"Sa va a rumfa," in ji Baba. "A kwana da yarinya a baya ba sa va ba ne. Wayar totur ta ja."

Ya kwance duk abin da ya ɗaure. Ya cire tanki, ya sake wa wayar hanya ta bayan ƙarfen gaba inda za ta sami saki, ya mayar da komai. Aka kira azahar ya tafi ya dawo. Nuriyya ta cinye ƙosan Iya Kaltuma ta yi barci a cinyata. Sai da ya juya gidon hagu da dama injin bai canza numfashi ba, sannan ya goge hannu ya ce, "To, 'yata. Yanzu ki ɗora ta."

Ciwon ya sake tashi bayan azumi, wata rana da la'asar, a ƙafafunta. Muka hau. Mokolo ta cika maƙil, Isma'ila yana ratsawa tsakanin motoci, kuma a karo na farko yana ganin gabansa ba tare da ya karya wuya ba. Bayansa a miƙe yake, Nuriyya ta kifa fuskarta a kai tana kuka a hankali, ba ta zame ba. A gangaren wani mai baro ya faɗo titi. Na ga yatsun nan sun matse birki, na ji babur ya zauna a ƙarƙashinmu kamar an dafa shi da hannu. Muka wuce. Muka isa asibiti da sauran haske, aka sa mata ruwa, zuwa magariba ta daina kuka.

Baba Yuguda, kai ne ka kai mu ranar, ko da kana zaune a rumfarka ba ka san mun fita ba. Kai ne bakaniken da ya tambayi matar da ke baya. Kai ne wanda ya kwance aikin da ya gama saboda wata 'yar ƙara da babu wanda zai kama ka da ita. Mai hannun sanyi, uban masu baburan Birik. Masu ɗinki da 'yan benskin da masu kai nama kasuwa suna yawo a garin nan da bayansu a miƙe, da yawansu sun manta wanda ya miƙar da shi. Mu ba mu manta ba.

Ga 'yan'uwana mata da ke hawa bayan mazajensu da yara a tsakani: idan kika ga yana yarfe hannu a inda kuka tsaya, kada ki yarda da "jini ne". Ki sa shi gaba a je a duba zamansa, kuma kada ku bar wurin sai an juya gidon hagu da dama inji na aiki kin ji da kunnenki. Ga samarin da za su gaji rumfunan gyara a unguwar nan: ku je ku zauna kusa da tsohon nan kafin Sallah. Ba sifana za ku koya ba, wannan kun iya. Ku koyi tambayar mutum wa yake ɗauka.

Na gode, Baba. Allah ya ƙara wa idanunka haske, ya sa hutun ya karɓe ka. Nuriyya tana gaishe ka, kuma ta ce in tambaye ka ko kana ɗaga kan keke. Nata ya yi mata ƙasa. Ta yi tsawo a daminar nan.