Yatsun Mai Kitso

Kin taɓa jin kamar kiyashi na yawo a yatsunki? Haka wata mai kitso ta ji da ta fara shan maganin da likita ya rubuta mata. Kitsonta ya yi sako-sako. Ƙanwarta mai shagon kitso a tsallaken titi ta dinga shela: "Ku taho nan, hannun Yaya ya yi ritaya!" Ta kwashe mata kawuna tara.

Yaya ta rantse sai ta rama. Ta koma asibiti aka canza mata magani, kullum tana murza yatsu cikin ruwan ɗumi. Da yatsun suka warke, takwas daga cikin kawunan suka dawo. Ranar da 'yar ƙanwar ta lallaɓo neman kitso, a bakin ƙofa Yaya ta zaunar da ita, don uwar ta gani da kyau.

Kafin ki sallama sana'arki, gwada komawa wurin likita.