Wata a Burujin Kunama

Shagon Mai Agogo bai fi taku uku ba, a ƙarƙashin matakalar wani tsohon bene. Tebur ɗaya ne, da tabarau na ido guda, da hantsaki, da gwangwanin madara cike da ƙananan kusoshi. Shekara arba'in ke nan yana zaune a wurin, amma rabin masu zuwa ba agogo ke kawo su ba. Rana suke nema: ta tarewa a sabon gida, ta buɗe shago, ta tafiya. Sai ya jawo aljihun tebur ya fito da littafinsa na falaki, ya lashi yatsa, ya bi layi. Tauraron Mushtari na sa'a ne, Zuhal na jinkiri, Mirrihu kuwa ƙarfe da jini. Doka ɗaya ce ba ya sassautawa: in wata ya shiga burujin Kunama, ba a ɗaura aure, ba a tafiya, ba a kuma sa wa jiki wuƙa.

Matarsa ita ce babbar ɗalibarsa. Gamzaki yake ce mata, da sunan tauraron asuba, don tun tana amarya take riga kowa tashi. Da kunne ta koyi lissafin, har ta kai tana gyara masa kuskure tana tankaɗe. Shi yakan duba littafin ne kamar mai duba sama ko za a yi ruwa. Ita kam ko farcen jikoki ba ta yankewa sai ta duba.

Ranar Alhamis da hantsi, a asibiti, likita ta manna hoton nonon Gamzaki a jikin fitila. A tsakiyar duhun hoton ga wani farin ɗigo, ya miƙa siraran ƙafafu ta ko'ina.

"Baba, ka ga wannan? Mai siffar tauraro muke ce masa," in ji likitar. "Ƙullutu mai santsi sau da yawa ba ya tayar mana da hankali. Irin wannan mai ƙafafu shi ke kama naman da ke gefensa. Naman da muka ɗiba mun auna, cutar kansa ce. Amma an zo da wuri. Talata za mu yi aiki. Ta zo Litinin kafin ƙarfe huɗu a ba ta gado. In ta wuce lokacin, wata mara lafiyar za a ba, ku kuma sai bayan wata uku."

Mai Agogo bai buƙaci littafi ba. Ya juya ya ga leɓen matarsa na motsi, tana ƙirga da yatsu a cikin mayafi. Talata ranar Mirrihu ce, a ranar kuma wata zai kasance a tsakiyar Kunama.

"Allah ya saka da alheri, 'yata," Gamzaki ta ce wa likita, ta miƙe.

Kwana huɗu gidan ya zama filin daga, don Gamzaki ta ce ba za a sa mata wuƙa a Kunama ba. 'Yarsu, wadda kowa ke kira Malama saboda tana koyar da kimiyya a sakandare, ta baro nata gidan ta tare. Ta ɗauko lemo da fitila ta jera a tabarma.

"Inna, tauraro fa rana ce irin tamu, nisa ne kawai ya ƙanƙantar da shi. Mirrihun nan ma ba tauraro ba ne, duniya ce, ƙasa da duwatsu. Ina ruwan dutse da nononki?"

"In kin gama, ki yanka lemon ki ba yara," in ji uwar.

Litinin ta zo. Bangon falonsu cike yake da agogunan da masu su ba su dawo karɓa ba, goma sha ɗaya, duk suna tafiya daidai, don Mai Agogo ba ya iya zama da agogo mai ƙarya. Ƙarfe biyu suka buga tare. Jakar da Malama ta shirya tana bakin ƙofa, mai tasi ya yi hon sau biyu a waje. Gamzaki na zaune a kan kujera 'yar tsugune, tana tsince shinkafa a faranti kamar ba da ita ake ba.

Malama ta ja ubanta zuwa kicin, idonta ja. "Baba, kai ka ɗaure ta, kai za ka kwance. Ka ce mata ka sake dubawa, watan ya fita."

"Ta fi ni iya lissafin."

"To ka san abin yi. In gadon nan ya wuce ta, wallahi ba zan yafe maka ba."

Bai taɓa jin irin wannan magana daga bakinta ba, kuma bai ga laifinta ba. Tsoro ne ya cika shi, iri biyu. Akwai tsoron ƙafafun nan da ya gani a hoto, waɗanda ba za su jira wata uku ba. Akwai kuma tsoron wani abu da ya binne shekara talatin da takwas.

Biyu da rabi ya shiga ɗaki, ya ciro tsohon littafinsa na farko daga ƙasan akwati. Ya dawo ya durƙusa gabanta, gwiwoyinsa na ƙara.

"Gamzaki, ajiye farantin nan. Kin tuna ranar ɗaurin aurenmu?"

"Ranar da Mushtari ya sauka gidan sa'a. Kullum sai na gaya wa yara."

Ya buɗe shafin ya miƙa mata. Takardar ta yi ja, a tsakiya kuma akwai wurin da aka kankare da reza aka sake rubutu.

"Babanki ya sa na duba ranar. A satin za a yi masa canjin wurin aiki, ya ce in rana ba ta yi kyau ba zai tafi da ke, a bar maganar sai wani lokaci. Na san in kin tafi ba zan same ki ba. Sai na kankare. Karanta layin sama da na ƙasa, ki lissafa da kanki."

Ta ɗauki tabarau ta saka. Yatsanta ya bi layi a hankali, ya tsaya, ya koma baya, ya sake bi. Mai tasi ya ƙara hon. Agoguna suka buga ƙarfe uku, ba wanda ya motsa.

"Kunama," ta ce.

"Tsakiyarta."

"'Ya'ya biyar. Jikoki tara. Duk a kan wannan ranar?"

"Duk."

"Kuma ka bar ni shekara da shekaru ina hana yaran mutane aure a cikinta?"

Ya sunkuyar da kai. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba. Ya jira zagi, ya jira kuka, bai samu ko ɗaya ba. Ta rufe littafin, ta daɗe tana kallonsa kamar yau ta fara ganin fuskarsa.

"Malama," ta kira. "Miƙo min takalmina."

Saura minti goma sha biyu ƙarfe huɗu ta cika suka isa teburin nas. A ƙofar ɗakin mata, inda maza ba sa wucewa, Gamzaki ta juyo. Ashe littafin na hannunta tun daga gida. Ta danna masa shi a ƙirji.

"Ban yafe maka ba tukuna," ta ce. "Sai na fito za mu yi maganar. Ni duk zamanmu na ɗauka taurari ne suka riƙe ni, ashe wani ɓarawo ne da reza. Gobe ka zauna a bencin nan, kada ka kuskura ka duba komai."

Ranar Talata shagon da ke ƙarƙashin matakala ya wuni a rufe, karo na farko a shekara arba'in. Mai Agogo na zaune a benci, hannu wofi, idonsa a kan ƙofar ɗakin tiyata. Agogon bangon asibitin ya yi latti da minti huɗu, ya gani sarai, bai ce wa kowa komai ba.