Iya Sikira da Kabad ɗin da Rana Ta Ci Hagunsa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. A ranar Talata, sha huɗu ga watan Safar, bayan azahar, Allah Ya karɓi ran Iya Sikiratu, mai gyaran launin tsofaffin kayan katako a bayan babbar kasuwar Porto-Novo. Ni Wasiyu, wanda ya koyi sana'a a hannunta, ban yi karatu mai nisa ba, amma ba zan bari a rufe shagonta ban faɗi abin da na gani ba.

Iya, mutane sun ce ke mai zargi ce, kuma ba su yi ƙarya ba. Ba ki taɓa sayen gwangwanin man katako ba sai kin buɗe kin shinshina. Kafinta ya kawo sabuwar ƙafar kujera ya rantse maɗaci ne, sai kin kankare da farce kin gani. Ni kaina sai da na shekara ina goge katako kafin ki bar ni na taɓa kakin zuma. Amma ke ce kike raba ƙunshin akasarki, tuwon masarar nan, da kifi biyu, ki turo mini babban rabon, kina cewa, "Ci, Wasiyu, hannun mai yunwa rawa yake yi, kada ka ɓata mini aiki."

Ƙa'idarki ɗaya ce. Ba kya haɗa launi sai kin ga ɗakin da abin ya zauna. Kin koya mini cewa mai na farko kafinta ne ya shafa, sauran kuwa gida ne ya shafa: hayaƙin fitila, hannun yara mai manja, ranar da ke shigowa ta taga. Wanda bai ga waɗannan ba, zai yi gyara mai kyau da kowa zai gane gyara ne.

Wata biyu kafin ciwonki, wani mai suna Tonton Aniset ya kawo kabad na da, gara ta cinye ƙofarsa ɗaya. Ya ce na kakansa ne, tun tasowarsa yana falonsu. Kika ce a je a ga falon. Ya yi ta kame-kame, daga baya ya kai mu. Kika dubi taga, kika dubi daɓe, muka fito. A hanya kika ce mini, "Rana ta ci kabad ɗin nan ta hagu, tagar mutumin nan tana dama. Kuma ka ga sawun ƙafafunsa a ƙasa? Babu. Wannan bai taɓa kwana a gidan nan ba."

Da ya dawo yana gaggawa, wai akwai mai jira a Kwatano, kika ce, "Tonton, kakanka ne ke jira a Kwatano?" Ya yi dariya, ke ba ki yi ba. Kika sa aka yi sabuwar ƙofar, kika ƙi shafa mata komai, kika kulle kabad ɗin a ɗakin ciki.

Tonton ya zo zaman makokinki, Iya. Ya fi kowa ɗaga murya wajen addu'a, amma idonsa na kan kwaɗon shago. Ya ja ni gefe ya ce, "Ƙanena, tsohuwa ta tafi da rigimarta. Shafa masa kowane mai, Baturen da zai saya ba ya bambancewa." Na ce masa ba a buɗe shago sai an yi sadakar arba'in. Ba ni da hujjar hana shi kayan da shi ya kawo, kuma na san in kabad ɗin ya shiga mota, ya bar garin nan ke nan.

Sai na yi abin da kika saba. Na bi tsofaffin gidajen unguwar Aguda ɗaya bayan ɗaya, ina tambaya ko akwai kujerar gyara, ina satar kallon bango. Wasu suka ba ni ruwa, wasu suka kore ni. A gidan wata tsohuwa, Tanti Filomena, na ga wuri a bango ya fi ko'ina haske, tsawonsa tsawon kabad. A daɓe ga ramuka huɗu. Taga kuma tana hagu.

Na tambaye ta. Ta ce, "Ɗan ƙanena Aniset ne ya ɗauka zai gyara mini, yaron kirki. Da kabad ɗin aka kawo uwata gidan nan. Kullum in na tambaya sai ya ce masu gyaran ne ba su da alƙawari."

Ban ce mata komai a kansa ba. Abin da ke zuciyarsa Allah ne Ya sani, ni dai ban yarda da shi ba har yanzu. Na ɗora kabad ɗin a amalanke da rana tsaka, na aika a kira shi ya zo ya taya mu saukewa, tunda shi ya kawo aikin. Ya zo, ya kama gefe ɗaya, bai dube ni ba. Ƙafafu huɗun suka zauna cikin ramukansu.

A cikin ɗakin na haɗa launin, da ruwan shayi da ɗan kunkunniya da kaki, ina gwadawa ina jiran rana ta juyo. Da na gama, Tanti ta shafa ƙofofin biyu ta ce, "Wacce ce sabuwar?" Sai na fashe da kuka, domin ke ya kamata ki ji wannan tambayar.

Allah Ya jiƙan Iya Sikira, Ya yafe mata kurakuranta, Ya haskaka kabarinta, Ya sa zarginta da ya tsare dukiyar wasu ya zama mata lada. Ina miƙa ta'aziyya ga 'yarta Mulikatu, da ƙaninta Baba Rafiyu, da dukan kafintocin layinmu. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta, Ya kyautata namu ƙarshen. Amin.