Jinin Mutanen Gidanmu

Ranar wata Litinin ce cikin damina, ina aji huɗu na firamare, mako biyu bayan ƙaramar Salla. An fita tara, ni da ƙawata Rahila muna wasan tanten a gindin mangwaron makaranta, muna tafi muna jefa ƙafa, sai na ji wani ɗumi yana gangaro min a leɓe. Haɓo ne. Malamarmu, wata Bayarabiya mai kirki, ta zaunar da ni ta matse min hanci, amma jinin ya ƙi tsayawa har ya jiƙa gaban rigata. Tana cikin goge min jiki ta ga tabo baƙi-baƙi a ƙwaurina da damatsena, kamar wadda aka zane da bulala. Ta sunkuyo ta tambaye ni da Yarbanci wa yake dukana a gida. Na ce babu. Kuma gaskiya na faɗa, babu mai dukana.

Gidanmu na haya ne a Agege, bayan layin dogo, ɗakuna a jere suna kallon juna, da dogon lungu a tsakiya inda kowa yake ajiye risho da bokiti. In jirgi ya wuce har kwanukan Inna sai sun yi ƙara. Baba mahauci ne, daga sallar asuba yake wucewa mayanka. Inna kuwa waina take toyawa a ƙofar gida, ni ce mai ɗebo mata ruwa a rijiyar bayan gida, ni ce mai kai shinkafa inji. Ɗakin da yake kallon namu na su Rahila ne, Kiristoci daga kudancin Kaduna. A ɗakin ƙarshe akwai Malam Isufu, mutumin Nijar mai gadin wani sito, wanda yake ce wa likita lokotoro, mu yara muna ta kwaikwayonsa a ɓoye.

Wata uku ana min maganin zazzaɓin cizon sauro. In ya sauka yau, jibi ya dawo. Bokitin da nake ɗauka ina tsalle ya zama sai na huta sau uku kafin in kai shi ƙofa, ƙasusuwana kuma suna ciwo kamar ana sara su. Daga kemis aka tura mu asibitin unguwa, daga can aka tura mu babban asibiti a cikin gari, inda aka soka min allura a ƙashin ƙugu aka zuƙi ɓargo. Da sakamako ya fito, likita ya yi bayani da Turanci, wata nas ta mayar wa Inna da Yarbanci: sankarar jini ce, ana iya warkewa, amma magani zai ɗauki fiye da shekara biyu, kuma ba a fashi. Inna ba ta yi kuka a gabansu ba. Ta gyara mayafinta ta ce wa nas ɗin ta sake faɗa mata a hankali, don ba ta so ta manta ko kalma ɗaya.

Inna ba ta yi boko ba, amma cikin wata guda ta haddace magungunana da launinsu da lokacinsu. Ranakun asibiti takan ba Maman Rahila tanda da ƙullu, mu kama danfo, motar haya ta Legas, tun rana ba ta yi zafi ba, ta ɗora ni a cinya, ta rufe min hanci da gefen zane saboda hayaƙi. Akwai ƙarin ruwa mai launin ja wanda yake sa ni amai har in ga duhu-duhu, akwai allurar gadon baya da ake lanƙwashe ni kamar kifi kafin a yi. Sai kuma jini. Jikina yana cinye shi kamar ƙasa mai ƙishi, asibiti kuma ba ya bayarwa sai an kawo wanda zai mayar da madadinsa. Baba ya bayar har aka ce ya dakata. A nan ne Maman Rahila ta bi ɗakuna tana ƙwanƙwasawa. Mijinta ya je, ɗan mai gidanmu ya je, mahauta abokan Baba suka cika danfo guda. Malam Isufu, wanda bai taɓa yarda allura ta taɓa shi ba, ya je ya runtse ido yana salati har aka gama, ya dawo yana cewa, "Lokotoro ya ce jinina mai kyau ne, na gero ne."

Gashina ya zube a wata na biyu. Yaran layi suka sa min suna gorimapa, wato mai ƙwalƙwal, har Rahila ta taɓa fasa wa wani baki a kan haka. An hana ni makaranta, an hana ni rijiya da shiga taro. Amma Inna ba ta yarda in kwanta in zama abin tausayi ba. Takan ajiye min faifai a gaba in tsince shinkafar gobe, in yanka albasa, in Rahila ta dawo ta kawo min littafinta in kwafe. Ta taga nake kallon ƴan carafke da wasan igiya, ina ƙirga musu kuskure da ƙarfi har su ji haushi.

Lokacin da na fi jigata ne Baffa, yayan Baba, ya zo daga gida. Ya same ni bakina duk gyambo, ko kunu ba ya wucewa. Ya daɗe yana kallona, sannan ya kira Baba ya ce maganin nan shi ne zai kashe ni, a ba shi ni ya tafi da ni arewa, akwai mai magani da ya sani. Ba mugunta ba ce, hawaye ne a idonsa. Baba ya yi ta murza hularsa, na kuma ga ya fara karkata, domin shi ma ya gaji da ganina haka. Inna da ba ta taɓa ɗaga ido a gaban Baffa ba ta durƙusa a bakin ƙofa.

"Yaya, ku yi haƙuri," in ji ta. "Rubutu da addu'a duk wanda kuka aiko za ta sha. Amma yara biyu na gani an cire daga asibitin nan an tafi da su gida, ba wanda ya kai Salla. Mun riga mun shiga ruwa har wuya, komawa baya ta fi nisa."

Baffa ya juyo gare ni. "Sa'adatu, ke fa? Za ki bi ni?"

Da ƙyar na buɗe baki na ce, "Baffa, ranar Alhamis ina da allura."

Baba ya sa hularsa ya ce shi ke nan, magana ta ƙare. Ranar Alhamis ɗin Baffa da kansa ya raka mu, kuma kafin ya koma sai da ya miƙa hannunsa aka ɗebi jini.

Sau biyu zazzaɓi ya kusa tafiya da ni bayan haka, amma ba mu taɓa fashin rana ɗaya ba, ko ranar da ruwa ya cinye titi muka taka da ƙafa har inda mota take, ina bayan Inna, ƙafafuna suna reto don na yi wa goyo tsawo. Na koma makaranta bayan shekara biyu da wasu watanni, ajinmu ya wuce ni, na zauna da ƙannen ƙawayena ba tare da jin kunya ba.

Yanzu ina Ikorodu da shagon ɗinki da ƴaƴa biyu, sau ɗaya a shekara nake zuwa a duba ni. An rushe gidanmu an gina shaguna. Inna ta rasu, Malam Isufu ya koma ƙasarsu tun ina sakandare, ba mu sake jin labarinsa ba. Gidan da nake yanzu katanga ce da ƙofar ƙarfe, maƙwabciyata ma sai a waya muke gaisawa, kuma a wayar nake ganin ana cigiyar masu ba da jini, kowa ya tura wa na gaba ya wuce. Na taɓa zuwa in bayar, aka ce wanda ya yi irin ciwona ba a karɓar nasa. Sai dai in ɗauki waya in kira mutum da sunansa, in ce ya tashi mu tafi tare ya bayar. Har yau ban san adadin waɗanda nake yawo da jininsu ba.