Warrick Sarkin Layin Gaba

A duk garin Geelong babu wanda zai nuna maka wani abin kirki da Warrick Dunstan ya iya, in ka cire sayen tikiti. Ya yi aikin fenti, aka sallame shi. Ya sayar da tayoyi, shagon ya rufe. Ya taɓa buɗe wurin soya kifi da dankali a bakin ruwa, har ta kai tsuntsayen teku kaɗai ke leƙo shi. Amma a ce mawaƙa za su zo birnin Melbourne da ke kusa, to a nan ne za ka ga Warrick ya zama mutum.

Tun yana saurayi ya naɗa wa kansa wannan sarauta. A zamanin da ake bin layi a ƙofar shago, shi ne mai shimfiɗa kwali a gefen titi, ruwa da iska su ƙare a kansa, ya dawo wa abokansa da tikitin layin gaba. Layin gaba fa, inda gumin mai ganga ke fallatso maka, ka fito kunnenka na kuka har mako. Daga nan ya kafa dokarsa, cewa wanda ya zauna a baya bai je kallo ba, labari ya ji. Gashin kansa ya zube, tumbi ya fito, dokar tana nan yadda take. Ko a jana'iza Warrick benci na farko yake nema.

Da saye ya koma ta intanet ma bai saduda ba. Ranar da za a buɗe sayarwa, zai jera wayarsa da ta matarsa Noelene da tsohuwar kwamfuta a teburin kicin, ya hana kowa motsi. Da zarar ya samu, sai ya bi abokai da waya ɗaya bayan ɗaya yana cika baki, kamar shi zai hau dandamalin.

Babban amininsa shi ne Col Brabazon, tun suna firamare. Col ya ƙare ƙuruciyarsa a tashar jiragen ruwa, can sama a cikin injin ɗaga kwantena, kai a sunkuye yana kallon ƙasa ta gilashin da ke tsakanin ƙafafunsa. Aikin ya cinye masa wuya. Likitoci suka haɗe ƙasusuwan da ƙarfe, tun daga ranar kuwa Col bai ƙara ɗaga kai ba. In dogon mutum na yi masa magana, maɓallin rigarsa yake kallo. Da matarsa ta rasu, 'yarsa ta ce zai koma wurinta a Perth, can ɗaya ƙarshen ƙasar, kuma kowa ya san tafiyar ba ta dawowa ba ce.

Ana gashin nama a farfajiyar gidan Warrick aka tambayi Col abin da yake so na bankwana.

"Ku kai ni Ƙwan," in ji Col.

Ƙwan shi ne sabon zauren nan na Melbourne da aka yi masa suna saboda siffarsa, wanda bangonsa da rufinsa duk allon majigi ɗaya ne. Mawaƙan da suka yi tashe lokacin samartakarsu za su yi wasa a can da rana, a kuma haska teku a kewaye da masu kallo.

"Rayuwata duka daga sama na kalli tekun nan," ya ce. "Ina so in ga yadda yake daga ciki, ko sau ɗaya."

"Kai, tsohon banza, ashe kana da buri!" in ji Warrick yana juya nama. "An gama. Layin gaba, mutumina. Sai ka ji warin kifi."

"Warin kifi ai na ji shi a shagonka, har yau bai bar hancina ba."

Aka kwashe da dariya, har da Warrick, don shi in dai ana maganarsa ake yi, yabo ne.

Ranar saye, Noelene ta tsaya a bayansa riƙe da kofin shayi.

"Warrick, mai gyara min gashi ta je wurin nan. Ta ce kujerun baya, na can sama, su ne na kirki. Ka zauna kawai, komai na gabanka."

"Mai gyaran gashi!" ya ce, ko juyowa bai yi ba. "Yau kuma mai gyaran gashi ce za ta koya min sayen tikiti? Ba ta samu gaba ba ne, take lallashin kanta."

"Ka dai tuna da wuyan Col."

"Shi ya sa zan kai shi kusa, mace. Ki bar ni in yi aikina."

Layinsa ya zo. Taswirar kujeru ta bayyana, na baya sun kusa ƙarewa, na gaba kuwa fayau ba wanda ya taɓa. Mai hankali zai tsaya ya tambayi kansa dalili. Warrick cewa ya yi mutanen yanzu ba su san daɗi ba. Da ya danna, wani gargaɗi ya fito da jan rubutu, cewa masu zama a nan sai sun ɗaga kai sosai kafin su ga wasan. Ya kore shi kamar ƙuda, don a ganinsa irin wannan rubutu na sababbin shiga ne. Kafin shayin Noelene ya huce, ya kira mutum uku.

Ranar wasa suka hau jirgin ƙasa su shida, har da Noelene. Col ya sa rigar kwat ɗinsa ta bikin 'yarsa, ya yi aski. Warrick ne a gaba riƙe da waya, yana ratsa mutane. Jama'a na ta hawa matakala zuwa sama, shi kuwa yana jan ayarinsa zuwa ƙasa, yana waiwayen masu hawa da tausayi.

"Ku dube su, bayin Allah. Sai sun sa tabarau."

Suka zauna. Dandamalin ɗan ƙarami ne, ya fi kansu tsawo, an rufe gabansa da baƙin katako. Abin da ke daidai idon Col ke nan: baƙin katako, da wata wayar lantarki da aka manne da salatif, da takalman mai jita.

Fitilu suka mutu, kiɗa ya tashi, kujeru suka soma girgiza, iska mai sanyi ta buso. Sai rufin ya zama ruwa. Zauren gaba ɗaya ya ɗauki "Kai!" a tare. Hasken rana na ratsowa ta cikin shuɗin teku, ƙattin kifaye masu girman bas da 'ya'yansu a gefe suna wucewa a hankali ta saman kawunan mutane. Warrick ya kwantar da ƙeya a bayan kujera, baki a buɗe, yana zungurin Col da gwiwar hannu.

"Ka gani? Ka ga wancan? Wa ya kawo ka?"

Col ya gwada zamewa ƙasa a kujerar, gwiwoyinsa suka tokare da katakon. Ya gwada jingina baya, kujerar ba ta kwanciya. Ya juya idanunsa sama iya ƙarfinsa har suka kawo ruwa, abin da ya samu bai wuce wani shuɗin haske a gefen girarsa ba. Daga nan ya haƙura, ya ɗora hannuwansa a cinya, yana kallon takalman mai jita suna taka ƙasa. Mutum dubu da ɗoriya suna cikin teku, shi yana zaune a gaban katako da rigar biki.

Noelene ce ta lura. Ta dubi mijinta da ke ta washe baki. Ta nemi wata ma'aikaciyar wurin ta yi mata raɗa, aka ce babu ko kujera ɗaya a sama. Ta dawo ta buɗe jakarta, ta ciro ɗan madubin hodarta, ta buɗe, ta sa wa Col a tafin hannu.

Ya riƙe shi a kan cinyarsa yana karkata shi a hankali. Sai ga shuɗi ya cika madubin. Wani abu ya gifta, wutsiya ce ko fiffike, bai gama ganewa ba ya wuce. Madubin bai kai murfin kwalba biyu ba, duk kifin da ya shigo sai dai a ga yanki. Haka Col ya kalli tekunsa, kai a sunkuye, yana bin sa guntu-guntu. Noelene ta kau da kai tana share ido.

Ana tsakiyar waƙa ta shida ko ta bakwai, Warrick ya sauko da kansa yana yamutsa fuska, yana matsa ƙeya da hannu. Idonsa ya faɗa kan madubin. Ya dube shi, ya dubi Col, fuskarsa ta washe.

"Kai, wannan dabara ce! Col, in ka gama ara min, wuyana ya soma ciwo."

Col ya rufe madubin, ya miƙa masa.